Su wa ke neman kofin Cork, kuma ta yaya kulob yake gangarawa?

Wani ɗan'uwa mazaunin birnin Cork a ƙasar Ailan ne ya aiko da tambaya. Ɗansa ya shiga kulob ɗin ƙwallon Gaelic na unguwarsu, wasan Ailan da ake bugawa da hannu da ƙafa, shi kuma yana raka shi fili, sai ya lura da zarar watan Agusta ya kama manyan wurin ba su da zance sai na gasar gundumar Cork. Yana so ya san su wa ake sa ran za su ɗauki kofi, ta wace hanya kulob yake faɗawa aji na ƙasa, kuma ko adalci ne a ce wasa ɗaya tak shi zai yanke wa kulob hukuncin shekara guda.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya yaron. Tambayarka ta farko amsarta gajera ce: kofin Cork ya shekara tara yana zagayawa tsakanin kulob uku, Nemo Rangers da St Finbarr's da Castlehaven. Tun da Carbery Rangers ta ɗauka a 2016, har zuwa ƙarshen kakar 2025, babu wanda ya taɓa shi in ba su ba. Sauran tambayoyin biyu su ne masu nauyi, kuma a wurina nan ne ainihin gasar take. Kafin mu kai gare su sai mun daidaita lissafi, don wanda bai iya karanta sakamakon wasan nan ba, dokar gangarawa za ta yi ta ruɗa shi.

Kowane ɓangare mutum goma sha biyar ne, wasan kulob kuma minti sittin. Turakun raga suna miƙewa sama su wuce sandar da ta gitta. In ƙwallo ta shiga raga maki uku ke nan, in ta bi ta saman sandar tsakanin turaku maki ɗaya. Daga 2025 aka ƙara wani abu: an zana baka mai nisan mita 40 daga raga, wanda ya harba daga wajenta ƙwallo ta haye sanda ya ci maki biyu. Idan ka ga an rubuta 1-16 da 2-9, na farko ya zura ɗaya a raga ya haɗa da maki 16, jimla 19, na biyu ya zura biyu da maki 9, jimla 15. Wannan shi ne sakamakon wasan ƙarshe na 2022, inda Nemo ta doke St Finbarr's duk da cewa ita St Finbarr's ta fi zura ƙwallo a raga. Waɗannan makin fili ke nan. Makin tebur daban ne: nasara biyu, canjaras ɗaya, shan kashi babu. Ka riƙe bambancin, don za mu dawo kansa.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne babu ɗan wasan da ake biya albashi. Hukumar GAA mai kula da wasannin Gaelic, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, har yau ta tsaya a kan cewa wasan na sa-kai ne. Ɗan wasan da ka gani yana shan tafi ranar Lahadi, ranar Litinin yana aji yana koyarwa, ko yana tatsar shanu, ko yana bakin aiki a kamfanin magunguna. Kuma galibi mutum kulob ɗin garinsu ko unguwarsu yake bugawa tun yana yaro har ya ajiye takalmi. Akwai sauya sheƙa, amma ƙa'idojinta masu tsauri ne, ba a sayen ɗan wasa. Saboda haka kulob ɗin da ya faɗi ba shi da kasuwar da zai shiga ya cike giɓi. Yaran da garin ya haifa su ne jarinsa, iyakarsa ke nan.

Cork ita ce gundumar da ta fi kowace yawan kulob a Ailan, sun haura 250. A da, ajin manya ya cika ya batse, kulob kusan ashirin, da yawansu suna nan da suna kawai, a casa su tun da wuri su koma gida su jira baɗi. A 2019 hukumar gunduma ta kaɗa ƙuri'a ta sauya tsari, sabon ya fara aiki a 2020. Yanzu aji na sama, Premier Senior, kulob goma sha biyu ne. Ƙarƙashinsa akwai Senior A, sai Premier Intermediate, sai Intermediate A, sai Premier Junior da aka ƙara a 2023, kowanne da goma sha biyu. A ajin sama ana raba su rukuni uku, huɗu-huɗu, kowa ya buga wasa uku, galibi a filin da ba na kowa ba. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni su wuce, shida ke nan. Na bakwai yana fitowa daga wata gasa ta gefe, ta shiyyoyi da manyan makarantu. Shiyya, kamar Duhallow ko Carbery ko Muskerry, tana tattara gwanayen ƙananan kulob-kulob na yankinta ne ta yi tawaga ɗaya, don yaron ƙauye mai hazaƙa ya sami damar gwada ƙwanjinsa da manya. Cikin waɗanda suka ja rukuni, wanda ya fi kowa sakamako ya tsallake kai tsaye zuwa wasan kusa da na ƙarshe, sauran shida su yi kwata fainal. Daga nan sili ɗaya ƙwale ne har zuwa wasan ƙarshe a filin Páirc Uí Chaoimh, wajen ƙarshen Oktoba, inda ake miƙa kofin Andy Scannell. Zakaran kulob ya tafi gasar lardin Munster, in ya ci can ya nemi kofin ƙasa baki ɗaya, wanda ake kammalawa a filin Croke Park na Dublin cikin Janairu.

To, su wane ne ukun nan?

Nemo Rangers, ta kudancin birni, ita ce uwa ma ba da mama. Sai a 1972 ta fara cin kofin gunduma, amma daga nan zuwa 2022 ta tara 23, ga kofin ƙasa bakwai, wanda babu kulob ɗin da ya kai ta. Ta jera huɗu daga 2005 zuwa 2008. An daɗe ana cewa in Nemo ta kai wasan ƙarshe ka ɗauka ta ci, don akwai wani sanyin rai da 'yan wasanta suke da shi a ranar da kowa ke rawar jiki, abin da suka gada tun zamanin Billy Morgan, tsohon mai tsaron gidanta kuma kocinta. Wannan magana ta sha ruwa a 'yan shekarun nan: ta kai wasan ƙarshe a 2023 da 2024 da 2025, duka ukun ta sha kashi. Wasu na ganin alamar faɗuwa ce. Ni ban gani haka ba. Kulob ɗin da yake cikin sauyin 'yan wasa, tsofaffi na fita matasa na shiga, kuma duk da haka ba a yin wasan ƙarshe sai da shi, ba wanda za ka cire daga lissafi ba ne.

St Finbarr's, mai shuɗiyar riga, ta unguwar Togher, tsohon gida ce, tun 1876. Ita ce ta fara haɗa kofin ƙasa a ƙwallo da kuma hurling, wasan nan na sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo. Ta yi fari mai tsawo, daga 1985 ba ta sake ganin kofin ƙwallo na gunduma ba sai 2018. Daga nan ta ci 2021, inda ta sha da ƙyar a hannun Clonakilty da 0-14 da 0-13, ta kuma ci 2025 a kan Nemo, nan ma da tazarar maki ɗaya. Ƙarfinta a tsakiyar fili yake, inda Ian Maguire ke riƙe da ragama, ga Steven Sherlock mai harbi daga nesa. Sabuwar dokar maki biyu kamar don irinsa aka yi ta. Rauninta kuma daga ƙarfinta ya fito: da yawan 'yan wasanta suna buga wasanni biyun, mako guda ƙwallo, mako guda hurling, wata uku babu hutu. A 2022 ta ci kofin hurling, tana neman haɗa biyu, Nemo ta tare ta a ƙwallo.

Castlehaven ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba birni ba ce, yanki ne na bakin teku a yammacin Cork, kusa da Skibbereen, ƙauyukan Union Hall da Castletownshend, manoma da masunta. Amma ta ci kofi bakwai: 1989, 1994, 2003, 2012, 2013, 2023, 2024. In ka duba jerin 'yan wasanta za ka ga sunayen gidaje ƙalilan suna ta maimaituwa, Cahalane, Hurley, Collins, Maguire, uba ya buga, 'ya'ya na bugawa. Ta doke Nemo da 0-11 da 0-9 a 2023, ta sake doke ta da 0-16 da 0-11 a 2024. Tsakaninta da St Finbarr's kuwa an yi shekara biyar a jere, 2020 zuwa 2024, suna haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe. Biyun farko sai da aka kai ga bugun fenariti, kowa ya ci ɗaya. Abin da zai iya karya Castlehaven shi ne benci. In gwanin gabanta Brian Hurley ya ji rauni, babu wani Brian Hurley a ajiye.

Bayan waɗannan akwai masu iya ba da mamaki a rana guda, Clonakilty da Ballincollig da Douglas da Newcestown, da shiyyar Duhallow wadda ta kai wasan ƙarshe a 2012 da 2018 da 2019 ba ta dace ba. Matsalarsu ɗaya ce. Kafin ka ɗaga kofi yawanci sai ka ka da biyu cikin manyan ukun a jere, cikin mako biyu ko uku, kuma hakan bai yiwu ga kowa ba tun 2016. In aka matsa mini in zaɓa, zan sa St Finbarr's a gaba saboda yawan 'yan wasa da kuma yadda sababbin dokoki suka dace da ita, amma ba zan sa hannu a wuta ba.

Yanzu ga maganar gangarawa. Rukuni uku ne, don haka kulob uku ne suke ƙarewa a gindin tebur. Ba duka ukun ke faɗawa ba, ba ma duka ke shiga haɗari ba. Ana jera su ukun, a duba makin tebur, in sun yi daidai a duba bambancin makin fili, wato abin da ka ci a cire abin da aka ci ka. Wanda ya fi dama cikinsu ya tsira, kakarsa ta ƙare a nan. Biyun da suka rage su kara a wasa guda, wanda ya sha kashi ya sauka Senior A, zakaran Senior A kuma ya hau ya maye gurbinsa. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, haka yake tafiya har ajin ƙarshe. Gasar lig da ake bugawa tun daga farkon shekara, lokacin da gwanayen kulob suke can suna yi wa gunduma wasa, tana da nata hawa da sauka, amma ba ta taɓa matsayinka a gasar kofi.

Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda abin yake cizo. A ce kulob uku duk sun sha kashi a wasanninsu uku. Na farko bambancinsa maki 7 ne a ƙasa, na biyu 15, na uku 22. Na farkon ya tsira ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba, don kawai bai bari an yi masa kaca-kaca ba. Shi ya sa za ka je wasa ka ga ana bin kulob maki tara, saura minti uku, amma kocinsu yana bakin layi yana ihu kamar wasan ƙarshe ake yi, mai tsaron baya yana jefa jikinsa gaban ƙwallo. Baƙo zai ce me ya rage? Abin da ya rage shi ne maki ɗayan nan da za a hana, ko a ci, yana iya zama shi ne tsakanin hutawa lafiya a Satumba da kwana biyu ba barci. Dokar maki biyu ta ƙara wa wannan lissafi zafi, don harbi biyu daga wajen baka cikin minti biyu ya isa ya juya matsayin kulob ɗin da yake can wani fili daban yana nasa wasan.

Akwai kuma tarkon da rukuni mai kulob huɗu yake ɗanawa. Wasa shida ake yi a rukuni, makin tebur goma sha biyu ake rabawa. In babban kulob ya cinye wasanninsa uku ya kwashi shida, sauran ukun suna iya cin juna a zagaye, kowa ya tashi da biyu. A nan, cikin kulob uku masu maki daidai, wani zai tafi kwata fainal, wani ya tafi gida, wani ya tsinci kansa a gindi, alhali ba wanda ya fi wani cin wasa. Haka kuma ana iya samun uku da maki huɗu-huɗu, ɗaya ba ko ɗaya, sai kulob ya ci wasa biyu cikin uku amma a yi waje da shi. In kulob biyu ne suka yi kunnen doki a tebur, abin da sauƙi: wanda ya ci ɗan'uwansa da suka haɗu shi ne a sama. In uku ne, sai a koma bambancin maki, kuma a nan rigima take. Shin duka wasannin rukuni za a lissafa, ko kuwa waɗanda ukun suka buga tsakaninsu kaɗai? GAA ta taɓa wannan doka a 2023, kuma a waccan kakar an yi ta kai ƙara a gundumomi daban-daban saboda wasu sun yi aiki da tsohuwar fahimta, wasu da sabuwa. Ƙara tana farawa daga kwamitin gunduma, ta hau lardi, tana iya kaiwa har hukumar sasanta rikici mai zaman kanta da ake kira DRA. Don haka kowace shekara abin dogaro shi ne takardar ƙa'idojin gasa da hukumar gunduma ta fitar kafin a fara, ba abin da aka saba yi bara ba.

Me ya faru da waɗanda suka faɗi? A 2020 Bishopstown ce, ta sha kashi a hannun Ilen Rovers. A 2021 Ilen Rovers ɗin ce ta bi ta, Carrigaline ta tura ta. A 2022 Éire Óg ta tura Newcestown. A 2023 Mallow ta tura Carrigaline. A 2024 Carbery Rangers, zakarar 2016, ta tsira da kanta ta tura Éire Óg. Ka lura da yadda wanda ya tura wani bana yakan zama shi ake turawa nan da shekara ɗaya ko biyu. Gindin teburin nan 'yan gida ɗaya ne ke zagaya shi.

Amma ka dubi abin da ya biyo baya. Newcestown ta sauka a 2022, a 2023 ta ci Senior A a ƙwallo ta kuma ci a hurling, ƙaramin ƙauye da yawancin 'yan wasansa ke buga duka biyun, ta dawo, a 2025 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Carrigaline ta sauka a 2023, ta dawo da kofi a 2024. Mallow da ta tsallake rijiya da baya a 2023, a 2024 tana cikin huɗun ƙarshe. Ga wasu, shekara guda a ƙasa magani ce: matasa sun sami wasa, an saba da cin nasara, gari ya ga kofi ya shigo bayan shekaru ana shan duka. Ga wasu kuwa ba haka ba. Bishopstown har ƙarshen 2025 ba ta dawo ba. Ilen Rovers ko a Senior A ba ta iya tsayawa ba, ta sake gangarawa. Ilen yankin karkara ne, Baltimore da kewayenta, irin wuraren da saurayi in ya gama makaranta sai Dublin ko Landan ko Ostareliya. Doka ba ta kashe irin wannan kulob ba, ta dai bayyana abin da ƙidayar jama'a ta riga ta yi. Wannan ne ɓangaren da yake damuna, don babu gyaran jadawali da zai dawo da samarin da suka tafi neman abinci.

Hawan ma yana da nasa labarin. Knocknagree, ɗan ƙauye a kan iyakar Kerry, a 2017 tana ajin Junior. A farkon 2018 ta ci kofin ƙasa na wannan aji a Croke Park, ta yi ta hawa mataki-mataki, ta sha kashi a wasan ƙarshe na Senior A a 2022 da 2024, ta ci a 2025. Ba don akwai ƙofar fita daga sama ba, da babu ƙofar shiga ga irinta.

Shin adalci ne wasa ɗaya ya yanke? Na fahimci masu ƙorafi. Ana yin wasan nan ne a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, wataƙila ana ruwa da iska, fili ya yi laushi, jan kati ɗaya ko kuskuren mai tsaron gida ya share aikin shekara. Kuma in ka taɓa halartar irinsa ka san ba wasa ne mai daɗin kallo ba. Ba kofi a kan tebur, ba kiɗa, 'yan kallo 'yan ɗari ne, kusan duk dangin 'yan wasa. Ƙwallo tana ƙuna a hannu, kowa na gudun ya zama shi ne ya zubar. In alƙali ya busa tashi, waɗanda suka ci ba sa murna sosai, ajiyar zuciya suke yi, waɗanda aka ci kuma wasu a nan za su zauna a ciyawa, musamman tsohon ɗan wasan da ya san shi aka ba amanar matsayin da iyayensa suka sha wuya suka samo, kuma a hannunsa ya suɓuce.

Duk da haka ina ganin tsarin Cork ya yi adalci, don ba gaskiya ba ne cewa wasa ɗaya ne. Kafin ka faɗi sai ka ƙare a gindin rukuninka bayan wasa uku, sai ka kasa zama mafi dama cikin 'yan gindi uku, sannan ka sha kashi a hannun kulob ɗin da shi ma kakarsa ta lalace kamar taka. Dama huɗu aka ba ka a fili. Kuma kulob ɗaya ne cikin goma sha biyu yake sauka.

Ka kwatanta da maƙwabciyarta Kerry, ka ga inda dokar take da kaifi har ya yi yawa. A can an daɗe kulob takwas ne kacal a ajin manya, saboda shiyyoyi suna da ƙarfi ƙwarai a gasar gunduma. Shiyyar East Kerry, wadda shahararren ɗan wasa David Clifford ke yi wa wasa da yake kulob ɗinsa Fossa ƙarami ne, ta ci kofi a 2019 da 2020 da 2022 da 2023. A aji mai takwas babu wurin ɓuya. Austin Stacks ta Tralee ta ci kofin gunduma a 2021, a 2022 ta gangara. Kerins O'Rahilly's, ita ma ta Tralee, ta ci kofin Munster a Disamban 2022, a 2023 ta gangara. Wannan a ganina ya wuce hankali, kuma yana da illa a waje: kulob ɗin da ƙarfinsa na manya ne yana zuwa gasar aji na tsakiya, wato Intermediate, ta lardi yana tattake waɗanda a gundumarsu suke na goma sha bakwai ko na ashirin da biyar. Kerry ma ta fara faɗaɗa ajin nata. Gundumar Tyrone a arewa ta bi wata hanya daban: gasar kofinta sili ɗaya ƙwale ce tun daga wasan farko, hawa da sauka kuma a lig ake yin su, inda kulob ke da wasanni da yawa na gyara kuskure. A takarda wannan ya fi adalci, kuma gasar tasu ba ta da maigida, tun Carrickmore a 2004 da 2005 babu wanda ya ci sau biyu a jere. Sai dai wani ɓangare na lig ana buga shi ne ba tare da 'yan wasan gunduma ba, sai ya zama kulob ɗin da ya ba gunduma gwanaye uku shi ne yake shan wahala saboda gudummawarsa. Kowane tsari da inda yake matse ƙafa.

Inda nake da ja a kan na Cork wuri ɗaya ne: yadda ake tsame ɗaya cikin 'yan gindi uku da bambancin maki. Rukunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda ƙuri'a ta haɗa shi da Castlehaven da Clonakilty a shekarar da suke kan ganiya zai sha duka mai yawa, wanda ya faɗa rukuni mai sauƙi zai sha kaɗan, sai a kwatanta lambobinsu kamar jarrabawa ɗaya suka zauna. Da ni ne, sai ukun su kara da juna, na ƙarshe ya sauka. Na san amsar da hukuma za ta bayar, kuma tana da nauyi: ƙarin mako biyu ke nan a jadawalin da ya riga ya cushe, tun da aka raba shekara a 2022 aka ba gundumomi rabin farko, kulob-kulob rabin biyu, ga hurling da ke cin mako ɗaya cikin biyu. Kulob mai buga wasanni biyun zai iya samun kansa yana neman tsira a nan yana neman kofi a can cikin kwana bakwai. Duk da haka na fi son a matsa jadawali a kan a bar sa'ar ƙuri'a ta tsamar da wani.

In kana so ka bi kakar bana da idon masani, ka nemi takardar ƙa'idojin gasa a wurin sakataren kulob ɗinku, ba zai hana ka ba, zai ma ji daɗi an tambaya. Ka duba sashen da ya yi magana a kan kulob uku masu maki daidai, da abin da za a yi in wasan gangarawa ya tashi canjaras, ƙarin lokaci ne ko sake wasa, don wannan ma gunduma ce ke tsarawa. Ranar zagaye na uku kuma, da yake wasannin rukuni ana take su lokaci guda, ka tafi fili da teburin rukunan uku a rubuce, ba na rukuninku kaɗai ba, tare da bambancin makin duk wanda yake na uku ko na huɗu. Makomar kulob ɗinku tana iya kasancewa a wani fili can Bandon ko Macroom, kuma za ka ga rabin 'yan kallon da ke gefenka idonsu na kan waya suna bin wancan wasan.